Shawara ga Masu Sauke Gungume da Igiya

Idan darbejiya ko maɗaci ya tsufa a tsakanin gidaje, ba a kayar da shi gaba ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake sauke shi. Kafin ka hau, ƙwanƙwasa gindin. In ka ji amon kogo, ko ka ga aikin gara, kada ka ɗora masa nauyi.

Igiyar da ke riƙe da kai daban, ta gungume daban, kuma ka ɗaure kanka a wuri biyu kafin zarto ya taɓa itace. Ɗanyen gungume mai tsawon mita 1 da kaurin santimita 50 yakan kai kilo 200, in ya faɗo ya fizgi igiya kuwa, nauyin ninkuwa yake. Don haka yanka gajere, ka kafa maratayar igiyar dab da ƙasan yankan.

Abokin aikinka na ƙasa ya naɗa igiyar gungumen a gindin bishiya, ba a hannunsa ba, ya bar ta ta ɗan zame kafin ya tsayar a hankali. Kowa ya sa hular kwano, kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya. Igiyar da ta tsinke ko da zare kaɗan ne, a yar da ita. Rai ba shi da madadi.