Kwamfutar Tantance Masu Neman Rance: Yadda Ake Auna Ingancinta

YOLA — Ɗan kasuwar unguwar Rumde da ke Jimeta wanda ya nemi rance ta wayar hannu aka hana shi cikin minti biyu, mai yiwuwa babu wani ma'aikacin banki da ya ga takardarsa. Kwamfuta ce ta yanke hukunci. An ba ta bayanan dubban mutanen da suka ci bashi a baya, ta nazarci halayen waɗanda suka biya da na waɗanda suka kasa, sa'an nan take jefa kowane sabon mai nema cikin ɗayan rukunan biyu. Wannan shi masana ke kira rarrabewa ta hanyar koyon na'ura.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun a 1941 David Durand ya yi amfani da lissafi a Amurka wajen bambance bashi mai kyau da maras kyau, kuma a 1989 kamfanin Fair Isaac ya fito da ma'aunin FICO. A Nijeriya, lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014 da Dokar Bayanan Bashi ta 2017 sun sauƙaƙa tattara tarihin masu cin bashi. Saboda haka ƙananan bankuna da ƙungiyoyin gama kai na iya samun masu tallar manhaja a bakin ƙofa, kowa da alƙalumansa na ƙwarewa.

Adadin da aka fi tallatawa shi ne yawan dacewa, wato sau nawa cikin ɗari manhajar ta faɗi daidai. Shi ne kuma ya fi yaudara. A ɗauka, a matsayin misali, wani ƙaramin banki ya ba mutum 1,000 rancen Naira 200,000 kowanne, 950 suka biya, 50 suka kasa. Manhajar da ba ta san komai ba, wadda ke cewa kowa zai biya, za ta ci kashi 95 cikin 100, alhali ba ta gano ko mutum ɗaya daga cikin masu kasawar ba.

Don haka masu binciken suke raba sakamako gida huɗu: mai biya da aka amince da shi, mai biya da aka hana, mai kasawa da aka gano, da mai kasawa da ya sulale. A ce an gwada manhaja biyu a kan waɗannan mutane. Ta farko ta gano 15 daga cikin 50, ta hana mutanen kirki 5 bisa kuskure. Dacewarta kashi 96. Ta biyu ta gano 40, amma ta hana mutanen kirki 95. Dacewarta kashi 89.5. A takardar talla ta farko ce gwana.

Sai a koma ga Naira. In ribar kowane rance Naira 30,000 ce, ta farko ta bar mutum 35 sun tafi da Naira miliyan 7, ga ribar Naira 150,000 da aka rasa, jimla miliyan 7.15. Ta biyu ta yi asarar miliyan 2 a kan mutum 10, da ribar miliyan 2.85, jimla miliyan 4.85. Wadda ta fi yawan kuskure ta rage wa bankin asarar Naira miliyan 2.3, domin kurakuran ba farashinsu ɗaya ba. Sanannen kundin gwaji da Farfesa Hans Hofmann na Jami'ar Hambag ta Jamus ya bayar a 1994, mai ɗauke da masu neman bashi 1,000, 700 nagari da 300 marasa kyau, ya ƙiyasta ba wa maras biya rance a matsayin kuskuren da ya ninka hana mai biya sau biyar.

Amma akwai abin da wannan lissafi bai nuna ba. Cikin mutum 135 da manhaja ta biyu ta hana, 40 kaɗai ne masu kasawa; wato bakwai cikin kowane goma an hana su ne ba da haƙƙinsu ba. A littafin banki Naira 30,000 ce kowane. A Kasuwar Zamani ta Jimeta kuwa, mai shago ne da ya kasa saro kaya kafin Sallah, kuma da wuya ya sake komawa wannan banki. Har ila yau, tunda ba a ba shi rancen ba, bankin ba zai taɓa sanin cewa da ya biya ba, sai kuskuren ya ɓace daga alƙaluma.

Sharaɗi na gaba shi ne a yi gwajin da bayanan da manhajar ba ta taɓa gani ba. Ɗalibin da aka yi wa jarrabawa da tambayoyin da ya haddace zai ci, ba tare da an san ko ya gane karatun ba. Bisa al'ada ana keɓe kashi 20 zuwa 30 na bayanan don jarrabawa, ko a raba su gida goma a riƙa gwadawa bi da bi. Ga harkar bashi ya fi kyau a koyar da ita da shekarun baya, a jarraba ta da shekarar da ta biyo.

Dalilin haka a fili yake ga mazauna bakin kogin Binuwai. A 2012 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Jihar Adamawa bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A irin wannan shekara manomin shinkafa na fadamar Geriyo kan kasa biya ba don halinsa ya sauya ba, kuma manhajar da ta yi karatunta a shekarun lafiya ba ta da labarin wannan. Haka nan wadda aka horar da bayanan ma'aikata masu albashi a Ikko ba za ta fahimci mai sayar da hatsi a Rumde ba, wanda cinikinsa na tsabar kuɗi ne, ajiyarsa adashi, samunsa kuma na bin kaka.

Manajan da aka kawo wa irin wannan manhaja na da damar neman a gwada ta a kan tsohon littafin bashin bankinsa kafin a sa hannu a yarjejeniya, a kuma kawo masa gidajen nan huɗu da adadin mutanen kowanne, manoma daban, 'yan kasuwa daban, ma'aikata daban.