Daga Difloma Zuwa Digirin Koyarwa: Shiri Ga Mai Son Koyar Da Lissafi Ko Turanci A Ƙaramar Sakandare

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ND II da muke zangon ƙarshe. Wannan rubutu na yi shi ne domin waɗanda ke tunanin komawa jami'a su yi digirin koyarwa, su riƙe alli a ajin JS 1 zuwa JS 3. Na san ba mu da yawa, don mafi yawanmu HND muke hange, wasu kuma kasuwa. Ni dai ɗan Faskari ne, ƙididdiga nake karantawa, kuma na yanke shawarar zama malamin lissafi. Abin da na tattaro a kan hanyar shi zan raba da ku, tare da wani abu da nake ganin ya fi takardun muhimmanci.

Bari in fara da dalili, a taƙaice. Kowa ya san abin da ya faru a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, da yadda aka sako yara 344 ranar 17 ga watan. Gwamnati ta rufe makarantun kwana a lokacin. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙannenmu da suka yi firamare a waɗannan shekaru su ne ke ƙaramar sakandare yanzu, wasunsu sun yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Malumfashi sun dawo da giɓin shekara guda ko biyu a karatunsu. Malamin da aka turo daga nesa kuwa, ban ga laifinsa ba idan ya nemi canjin wurin aiki. Wanda zai zauna a Ɗaudawa ko 'Yankara ko Damari shi ne wanda mahaifiyarsa ke can.

To ina aka dosa? Abu na farko da ya kamata mu sani: ND ba takardar koyarwa ba ce. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, kuma hukumar TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke yi wa malamai rajista bayan sun ci jarrabawarta ta kwamfuta. Za ka iya samun makarantar kuɗi ta ɗauke ka da difloma, amma albashin da za a ba ka kuɗin mai ma ba zai isa ba, kuma ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai ba ka cikin lissafi. A 2023 gwamnatin Katsina ta ɗauki malamai sama da 7,000, kuma sai da aka yi masu jarrabawa. Irin wannan dama ba ta jiran wanda bai shirya takardunsa ba.

Hanya mafi kusa ga mai ND ita ce shiga kai tsaye, wadda muke kira DE, ta hannun JAMB. Za a sa ka aji biyu na jami'a, ka yi shekara uku, ka fito da B.Sc (Ed) a lissafi ko B.A (Ed) a Turanci, sannan bautar ƙasa. Jimla shekara huɗu idan ba a yi yajin aiki ba. Na ce idan, don a 2022 ASUU ta yi wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Hanya ta biyu ita ce ka yi shekarar koyon aiki, ka dawo HND shekara biyu, ka yi bautar ƙasa, sannan ka ɗora PGDE, wato babbar diflomar koyarwa, a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Wannan ta kai shekara biyar. Ba ta da aibu, amma a ganina wanda ya riga ya san koyarwa yake so, zagaye ne kawai.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Sakamakon ND ɗinka na da tasiri. A ma'aunin maki 4, daga 3.50 zuwa sama ne babban sakamako, 3.00 zuwa 3.49 shi ne na biyu, 2.50 zuwa 2.99 na uku. Wasu sassa na karɓar na uku, wasu sai na biyu. Saboda haka wannan zangon da muke ciki ba na wasa ba ne. Wanda ke kan 2.9 ya san abin da ya rage masa. Sannan dole diflomar ta dace da abin da kake nema. Mai ƙididdiga ko kimiyyar kwamfuta yana da alaƙa da lissafi. Mai son Turanci kuwa ya bincika sosai, don galibin jami'o'i na neman kiredit a darasin adabin Turanci a WAEC ko NECO, kuma mu da muka yi ajin kimiyya ba mu zauna shi ba. Idan babu, a sake zama jarrabawar ta waje tun bana. Kar a dogara da "wani yayana ya ce". A buɗe kundin JAMB na wannan shekarar a intanet, a duba jami'ar da sashen, don sharuɗɗan na canzawa. A kuma tabbatar JAMB ta san da shigarka poli tun farko, sunanka da ranar haihuwarka kuma su zama iri ɗaya a NIN da sauran takardu. Harafi ɗaya na iya sa ka yi ta sintiri ofis-ofis.

Wanda diflomarsa ba ta dace ba bai rasa hanya ba. Akwai UTME, ya fara daga aji ɗaya. Akwai kuma IJMB, kuma mu 'yan shiyyar Funtuwa mun yi sa'a, makarantar share fage ta ABU na nan a Funtuwa.

Batun wace jami'a, ba zan ja shi ba. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a nan Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ta fi kusa da 'yan Ƙanƙara, da ABU Zariya wadda ta fi sauƙi ga 'yan Sabuwa da Faskari ta hanyar Funtuwa, da Bayero a Kano. Ka zaɓi inda aljihunka zai iya kai ka ya dawo da kai. Jami'o'in gwamnati na cikin tsarin bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, amma a tuna bashi ne, ba kyauta ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jami'a za ta raba maka lissafi da Turanci, sashe daban, malamai daban, sai dai a haɗu a darussan koyarwa irin su halayyar yara, tsara manhaja, dabarun koyarwa da auna fahimta. Amma a ajin JS 1 na karkara, waɗannan darussa biyu ciwo ɗaya ne. Yaron da ya taso da Hausa a gida, a kasuwa, a makarantar allo, ya zo an miƙa masa New General Mathematics wanda Turanci ne daga bango zuwa bango. Idan ya faɗi, sai a ce ba ya ja a lissafi. Alhali yaron nan ranar kasuwar Sheme shi ke riƙe wa babansa kuɗin masara, kuma ba a taɓa cutarsa ko naira goma ba.

Na gwada wannan a wani hutu da na taya koyarwa a garinmu. Na rubuta a allo: subtract 3 from 8. Kusan rabin ajin suka rubuta 3 − 8, don 3 ce ta fara zuwa a jimlar. Da na ce "kana da takwas, aka cire uku", ko numfashi ba su ja ba suka ce biyar. Haka kalmar difference: a darasin Turanci an koya masu ma'anarta bambanci, sai a lissafi ta koma ɗebewa. Product a wancan aji kaya ne, a wannan aji sakamakon ninkawa. Ƙaramar kalmar nan of, idan ta zo bayan ɓangare, ninkawa take nufi, kuma ba kasafai ake tsayawa a gaya wa yaro haka ba. Malamin lissafin da bai lura da wannan ba zai yi ta maimaita dabara, alhali ba a nan matsalar take ba.

Kuma yaranmu ba su zo aji hannu rabbana ba. Ɗauki ɓangarori, abin da ke firgita 'yan JS 1. Wanda ya yi Islamiyya ya san rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni daga darasin gado. Ka ce masa mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya. Matar na da sumuni, wato 1/8, mahaifiyar na da sudusi, 1/6. Nawa suka ɗauka gaba ɗaya? Ba za a haɗa su haka nan ba, sai an nemi lambar da 8 da 6 duk za su iya rabawa, mafi ƙanƙanta ita ce 24. Sai sumuni ya zama 3 cikin 24, sudusi ya zama 4 cikin 24, jimla 7 cikin 24, saura 17 na 'ya'ya. Abin da malaman gado ke kira asalin mas'ala shi ne littafin boko ke kira LCM. Ko ka ce buhun masara tiya 40 ne, an sayar da rubu'insa, saura tiya nawa? Kafin ka juya sun ce 30. Daga nan sai ka ɗauke su a hankali zuwa yadda za a rubuta tambayar da Turanci, don jarrabawar BECE ta ƙarshen JS 3 da Turanci za ta zo. Hatta ƙirgenmu akwai ɗebewa a ciki: ashirin ba ɗaya, ɗari ba biyar. Wa ya taɓa gaya wa yaro cewa 20 − 1 yake faɗi?

Malamin Turanci shi ma haka. Idan ya san Hausa da kyau, zai gane kurakuran yaransa ba na sakarci ba ne, suna da tushe. Yaro na cewa borrow me don a Hausa kalma ɗaya ce, aro, ko kai ka bayar ko kai ka karɓa. Yana rikita p da f don Hausa ba ta raba su. Ka tambaye shi "ba ka zo jiya ba?" ya ce "e", yana nufin bai zo ba, ya kai wannan cikin Turanci sai ma'anar ta juye. Yana cewa ya ji wari da kalmar hear, don ji ɗinmu ya haɗa kunne da hanci da harshe. Darasin furuci da na ginin jimla da za a yi maka a jami'a, idan ka zauna su kana kwatanta su da Hausa, za su yi maka amfani fiye da wanda ya haddace don jarrabawa. Kuma me zai hana malamin Turanci ya ɗauko tambayar lissafi ya mayar da ita darasin fahimtar karatu sau ɗaya a mako?

Wani zai ce ai wannan koyar da boko da Hausa ne, zai hana yara iya Turanci. Ban yarda ba. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi, kuma yaran ba su koma baya ba. Ni ma ba cewa nake a watsar da Turanci ba. Cewa nake a tsaya a kan abin da yaro ya sani a miƙa masa wanda bai sani ba. Abin da na fi tsoro shi ne malamin da zai fake da Hausa don shi kansa Turancin ya gagare shi. Irin wannan akwai su, kuma idan ba mu yi hattara ba za mu ƙara yawansu.

Shi ya sa shirin da nake ba da shawara ya fara tun yanzu, kafin sunaye su fito. Mai neman lissafi ya sani ɗan DE na tsallake aji ɗaya, inda ake aza harsashin aljabra da kalkulas, ya faɗa kai tsaye cikin lissafin da ake neman hujja ba amsa kaɗai ba. Mu a poli mun saba a ba mu dabara mu saka lambobi. Can za a ce ka nuna dalilin da ya sa dabarar ta zama gaskiya. Ka nemi wani ɗan garinku da ke sashen ya ba ka takardunsa na aji ɗaya, ka bi su a watannin da za ka zauna gida. Sannan ka riƙa karanta Turanci kullum, ko shafi biyu ne, da ƙarfi, kana jin muryarka. Mai neman Turanci kuma ya ari littafin lissafin JS 1 zuwa JS 3 na ƙanensa ya warware shi. Ba abin kunya ba ne. A makarantar da malamai huɗu ke riƙe da aji shida, shugaban makaranta ba zai tambayi abin da aka rubuta a digirinka ba ranar da malamin lissafi bai zo ba.

'Yan uwa mata, wannan magana ta fi shafarku. A ƙauyukanmu akwai iyayen da za su bar yarinya ta ci gaba bayan firamare idan sun san akwai malama a makarantar, kuma malamar lissafi ta yi ƙaranci ƙwarai.

Batun kuɗi, ba zan yaudari kowa ba, aikin ba ya sa a yi arziki. Galibi mai digiri na farawa a mataki na 08, mai NCE a 07, kuma dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Yawancin malaman da na sani a yankinmu suna haɗawa da noma, kuma dogon hutu na faɗowa ne a tsakiyar damina.

Abu na ƙarshe shi ne gwajin koyarwa, wanda kowa ke kira TP. Za a tura ka makaranta na wasu makonni, malaminka na jami'a ya zo ya zauna a bayan aji yana ba ka maki. Da yawa na neman makarantar cikin gari mai fanka da yara 'yan gayu don samun maki cikin sauƙi. Idan an ba ka zaɓi, kuma tsaro ya bari, nemi wadda ta yi kama da inda za ka koma: aji mai yara tamanin, allo ya koɗe, littafi ɗaya ga mutum biyar. Ka tafi da ƙaramin littafi, duk kalmar Turancin da ta tsayar da yaro a tambayar lissafi ka rubuta ta, da yadda ka warware masa. Nawa littafin tun wancan hutu na buɗe shi, wanda ke son kwafa ya neme ni a sashen ƙididdiga kafin a fara jarrabawa.