Shugabanni Huɗu da Ramin Arlit

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa tarihi ne. Dalilinsa kuwa, wani ɗalibi ne ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ce: "Malam, ina ruwanmu da sanin labarin shugabannin duniya, mu da ke nan ƙarshen ƙasa?" Na ce masa ya dubi garin da yake tsaye a cikinsa. Kafin 1969 babu wani gari a nan, sai fili da iska da Abzinawa masu kiwo da ke ratsawa da raƙumansu. Mahaifina lebura ne, daga ƙasar Adar ya zo neman aiki, kamar yadda iyayen yawancinku suka zo daga Tawa ko Maraɗi ko Damagaram. Abin da ya taso su, bayan ƙaddarar Allah, shawarwari ne da waɗansu mutane suka yanke a Faris da Riyad da Yamai. Huɗu daga cikinsu za mu duba.

Na farko shi ne Janar Digol na Faransa. Bayan Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki cikin Agustan 1945, Digol ya gane cewa ƙasar da ba ta da wannan makami ba a sauraronta a zauren manya. Cikin Oktoban wannan shekara ya kafa hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wato CEA. Turawan Faransa masu neman tagulla suka ci karo da alamun ƙarfen yuraniyom a Azelik, kusa da Tagidda, a 1957, kuma ma'aikatan CEA suka bi sawu har suka gano na Arlit cikin shekarun 1960. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, wata shida kafin Nijar ta sami ƴancin kai. A yarjejeniyar tsaro ta Afrilun 1961 aka rubuta cewa Faransa ce ke da fifiko wajen sayen irin waɗannan ma'adanai. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara fitar da ƙarfe a 1971. Digol bai ga wannan rana ba, domin ya sauka daga mulki a 1969, ya mutu a 1970. Bai taɓa shan ruwan Arlit ba, amma tsarin da ya shimfiɗa ya yi fiye da shekara hamsin yana aiki a kanmu. Ban kawo shi don yabo ba. Na kawo shi don a ga yadda mutum ke yi wa jikokin ƙasarsa tanadi, ko da a cikin gonar wani ne.

Na biyu shi ne Sarki Faisal ɗan Abdul'aziz na Saudiyya, Allah Ya jiƙansa. Shi ne jigon taron Rabat na 1969, bayan an sa wa Masallacin Ƙudus wuta, taron da ya haifi ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Ya ziyarci Nijar cikin Nuwamban 1972, kuma a taron Lahor na 1974 aka ƙulla gina Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta buɗe a 1986. Amma abin da ya shafi darasinmu shi ne yaƙin Oktoban 1973, wanda ya faɗo cikin watan Ramalana. Ƙasashen Larabawa, da Saudiyya a gaba, suka rage haƙar man fetur, suka hana sayar da shi ga Amurka da Holan saboda goyon bayan Isra'ila. Cikin wata uku gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Faransa ba ta da mai. Saboda haka cikin Maris 1974 firaministanta Mesmer ya bayyana shirin gina tashoshin lantarki na nukiliya da yawa, har ta kai yau kimanin kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nan take fitowa. A wannan shekara aka kafa kamfanin COMINAK, garin Akokan kuma ya tsiro. Ku duba hikimar Allah: sarki ya rufe famfon mai a ƙasar Larabawa saboda Ƙudus, sai ga rami ya buɗe a Akuta.

To, a nan ne na uku ya shigo, wato Alhaji Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, kuma a kansa nake so mu daɗe. Malamin makaranta ne, mai fasaha, wanda ake jin maganarsa a waje fiye da girman ƙasarsa. A yaƙin basasar Nijeriya ya tsaya tare da gwamnatin Gowon alhali Digol na tallafa wa Biyafara, kuma a Yamai ɓangarorin biyu suka zauna cikin Yulin 1968. Wannan ba aikin matsoraci ba ne. Da ya ga abin da Larabawa suka yi da man fetur, sai ya kawo hujja mai sauƙin ganewa: tun da yuraniyom zai maye gurbin mai a tashoshin Faransa, to a yi masa kuɗi gwargwadon wutar da yake bayarwa, kada mai saye ya riƙa yanka farashi shi kaɗai. Ya haɗa kai da Shugaba Bongo na Gabon, wanda shi ma ke sayar wa Faransa wannan ƙarfe. Aka zauna da wakilan Faransa a Yamai cikin Maris 1974, aka tashi ba a daidaita ba. Ran 2 ga Afrilu Shugaba Pompidu ya mutu. Ran 15 ga Afrilu, kafin a koma zama, sojoji suka kifar da Diori, kuma matarsa Hajiya A'isha ta rasa ranta a wannan dare.

Masana tarihi sun saɓa a kan ko da hannun Faransa cikin juyin, kuma bai halatta ga mai karantarwa ya mai da zato hukunci ba. Abin da ya tabbata shi ne sojojin Faransa na nan Yamai, akwai yarjejeniyar tsaro, amma ba su motsa ba. Wani abu kuma da ya tabbata, ya fi wannan ɗaci: talakawa ma ba su motsa ba. Tun 1968 fari ke cin ƙasa, a 1973 ya kai matuƙa. Dabbobin Abzin da Azawak suka ƙare, dattawan da ke cikinmu sun ga gawawwakin shanu a bakin rijiyoyi, dubban mutane suka taru a sansanin Lazare kusa da Yamai suna jiran a auna musu tsaba. Ga shi kuma ana ta zargin waɗansu manyan jam'iyya da ɓoye hatsin taimako suna sayarwa. Da wannan hujja sojoji suka fito, mutane kuwa suka karɓe ta.

Ku gwada mutanen nan biyu. Faisal da Diori abu guda suka nema a cikin wata shida: a biya dukiyar ƙasarsu da daraja. Faisal yana da baitulmali cike, yana da ƴan'uwa masu mai da suka tsaya sahu ɗaya da shi, yana iya rufe famfo ya jira. Diori yana da mai saye guda ɗaya, wanda shi ne kuma mai haƙa, shi ne mai ba da rance, ga rumbu wayam, ga jama'a da yunwa. Hujjarsa gaskiya ce, amma mai jin yunwa a gida ba ya jan ciniki a kasuwa. Mun karanta yadda Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira: ya haramta wa kansa man shanu har launinsa ya sauya, ya aika wa gwamnoninsa, har da na Sham, su turo abinci Madina, ya tsaya da kansa kan rabo. A ganina, da an ga irin wannan a Yamai cikin 1973, da wuya a iya ɗauke shugaba cikin dare gari ya waye shiru. Diori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat a 1989. Allah Ya gafarta masa.

Na huɗu shi ne Janar Seyni Kunce, wanda ya gaji kujerar. Cikin makonni kaɗan ya sallami sojojin Faransa daga Yamai, ya buɗe rumbuna aka raba hatsi. Farashin da Diori ya nema, kasuwar duniya ta kawo shi a zamanin Kunce, kason Nijar a SOMAIR ya hau zuwa kashi ɗaya cikin uku. Da wannan kuɗi aka ɗauke wa talakawa harajin kai, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, aka gina tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren wadda ke ba mu wuta. A zamaninsa ne kuma, a 1974, aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar. Ya shahara da faɗa wa ma'aikata ba sanarwa, kuma da farin 1984 ya zo, ya sa ido sosai a kan rumbunan OPVN. Wannan tsofaffi ba su manta masa da shi ba.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ya tsare mutane shekara da shekaru ba shari'a, waɗansu a tsare suka mutu, kuma zargin da gwamnatinsa ta riƙa yi wa Abzinawa ya bar miki wanda ya fashe bayan rasuwarsa a 1987. Sa'an nan an ci bashi mai yawa bisa zaton farashi zai dawwama, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Bayan haɗarin wata tashar nukiliya a Amurka a 1979 kasuwa ta karye, tun farkon shekarun 1980 ƙasa ta shiga hannun masu ba da lamuni. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shekarun wadata ya ɗauka a matsayin lokacin ajiya, domin ya san na ƙunci na tafe. Kunce ya yi ajiyar hatsi, amma kuɗin ƙarfe ba a yi musu rumbu ba.

Sauran labarin kun gan shi da idanunku. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe ramin Akuta bayan fiye da shekara arba'in, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, aka bar tsibin turɓayar da aka tace, miliyoyin tan, a gefen Akokan. Cikin Yunin 2024 hukumomin Yamai suka karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano, cikin Yunin 2025 kuma suka bayyana mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wato maganar da aka tashi ba a gama ba cikin Maris 1974, ita ce aka sake buɗewa bayan shekara hamsin da ɗaya.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu koma baya zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, mu ga abin da ya gudana tsakanin Digol da Jibo Bakari, wanda ya ce a'a.