Jan Biro a Rajista, Yarinya a Kango

Kusan wata guda sunan yarinyar yana shan jan biro a rajistar aji biyar kafin wani ya tambayi lafiya. Malamar da ke kula da walwalar ɗalibai a wata firamaren gwamnati a Maiduguri ce ta bi sawu. Ashe ɗakin hayarsu a Gwange ya rushe a ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024. Aka kai su sansani, aka rufe sansanin, uwar ta kwashi 'ya'yanta suka raɓe a wani kango marar ƙofa. Yunifom da takardar haihuwa duk ruwa ya ci.

Abin da ya fi ƙona wa malamar rai, yarinyar ta zo makaranta. Ta tako a ƙafa cikin atamfar gida, ta iso an gama asambili. Malamin bakin get ya zuba mata bulalar makara, sannan ya kore ta saboda yunifom. Washegari ta dawo, aka ce sai kuɗin PTA. Daga ranar ta ɗauki farantin gyaɗa. Da malamar ta same su, uwar cewa ta yi: "Malama, su suka ce kada ta zo."

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma dole. Babu inda ta ce sai mai gida.

Abin da ya kamata makaranta ta yi: in yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a tambayi abokan zamansa, sun san inda yake kwana. Kada a kore shi kan yunifom. Kada a tsayar da shi gaban aji ana tambayar ina gidansu, gobe ba zai zo ba. Littattafansa su kwana a kabad ɗin ofis, kango yoyo yake yi. A karɓi lambar wani ɗan uwa, wayar uwar ba kullum take da caji ba.

Su kuwa ƙungiyoyin da ke zuwa rabon jaka su ɗauki hoto su tafi, malamar ba ta ɓoye haushinsu. Ko ɗaya ba ta taɓa dawowa ta duba rajista ba. Ita dai yarinyar ta koma aji da yunifom ɗin wata da ta gama, kuma an gaya wa malamin get, a gaban hedimasta, cewa korar yaro kan tufafi ba aikinsa ba ne.