Darasi Na 14: Kauci Da Tsiro Mai Gidan Tururuwa

Jama'a, in mun fita bayan gari, ko a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, mu ɗaga kai mu dubi itatuwa. Wani lokaci mu kan ga wani cunkus ɗin ganye a kan reshe, wanda bai yi kama da ganyen itacen ba. Wannan shi ne kauci. Kowa ya san shi, amma ba kowa ya san yadda ya ke ci da sha ba. Yau za mu gwada shi da wani tsiro na wata ƙasa mai nisa, don mu san bambancin baƙo da ɓarawo.

Baƙon kirki

Can gabas, arewa da Ostireliya, akwai wani babban tsibiri, sunansa Niu Gini. Ƙasa ce mai kurmi da dogayen duwatsu, ga ruwan sama da yawa. A cikin kurmin nan, har can bisa duwatsu, akwai wani tsiro wanda ba ya taɓa ƙasa. A kan itace ya ke fita, a can ya ke tsufa. Masana sun sa masa suna Myrmecodia tun shekarar 1823.

Ga siffarsa. Gindinsa kumburarre ne kamar doya, amma a kan reshe ya ke zaune. Wani kamar dunƙulen hannu, wani ya kai kabewa. Bayansa duk ƙaya ne. Daga gindin nan kara ya ke fitowa, gajere mai kauri, da ganye mai tauri a kansa. Furensa ƙanana ne, farare. Saiwoyinsa kuwa bawon itace kaɗai su ke riƙewa, ba su huda shi.

To, ina ya ke samun abinci? In aka tsaga gindin nan, sai a ga ɗakuna da lunguna a ciki. Tsiron da kansa ya ke yin su. Sai wata irin ƙaramar tururuwa ta zo ta tare. Ɗakunan da ke da sulɓi, nan ta ke ajiye ƙwanta da 'ya'yanta. Waɗanda ke da kaushi kuwa, nan ta ke zuba shara. Sharar ta ruɓe ta zama taki, tsiron ya tsotse. In wani abu ya taɓa shi, tururuwa ta fito ta yi ta cizo. Watau shi ya ba ta gida, ita ta ba shi taki da gadi.

A shekarar 2016 masana suka ba da labarin wata tururuwa ta tsibiran Fiji. Ita ta kan ɗauki irin wani ɗan'uwan tsiron nan, ta cusa a tsagar bawon itace, ta yi masa taki har ya girma. Ashe ba mu kaɗai ne manoma ba! Tsiron nan kuwa dangin giyayya ne, wadda mu ke gani a fadama.

Abin lura shi ne, ba ya shan ruwan itacen da ya hau. Wurin zama kaɗai ya roƙa.

Baƙo ɓarawo

Kauci ba haka ya ke ba. Ganyensa kore ne mai kauri. Furensa ja ne, siriri, dogo kamar tsinken ashana. Ɗan tsuntsun nan sha-kauci ya kan zo shan zaƙinsa. 'Ya'yansa ƙanana ne, ƙwayarsu tana da danƙo. Tsuntsu ya ci, ya tashi ya sauka a wani itace, ya bar ƙwayar liƙe a reshe.

Ƙwayar nan ba ta neman ƙasa. Sai ta tsira, ta huda bawo, ta shiga har cikin jikin reshen. Ruwan da itacen ya jawo daga ƙasa da wahala, kauci ya tare ya sha. Wurin ya kumbura ya yi ƙulli. Sannu a hankali bakin reshen ya bushe. In kauci ya yi yawa, 'ya'yan itacen su ragu, wata rana itacen ya mutu.

Gaskiya ne kauci yana da nasa amfani. Masu magani su kan neme shi, dabbobi kuma suna cin ganyensa. Amma a ƙasarmu ruwa ba ya da yawa. Itace guda kuwa sai ya shekara da shekaru kafin ya ba da inuwa. Mai lambu a bakin Gulbin Rima bai dasa lemo don ya ciyar da kauci ba.

Abin da za mu yi

1. Mu duba itatuwanmu lokacin da ganye ya zube, don kauci yana nan kore, ba ya ɓuya. Gawo da damina ya ke zubar da ganye, sai mu duba shi da damina.
2. Kada mu fizge ganyen kauci kawai. Tushensa yana cikin reshe, zai sake tohowa.
3. Mu sare reshen a ƙasan ƙullin, kamar kamu 1 zuwa wajen gindi.
4. Mu sare kafin kauci ya yi 'ya'ya, don kada tsuntsaye su kai wa maƙwabta.
5. Kada mu kayar da itace duka saboda reshe guda. In abin ya yi yawa, mu nemi shawarar malamin gona.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me tururuwa ke ba tsiron Niu Gini?
2. Wa ke kai kauci daga itace zuwa itace?
3. Don me fizge ganyen kauci ba ya kashe shi?

Aiki: Kowa ya duba gonarsa, ya rubuto sunan itatuwa 3 da ya ga kauci a kansu.