Ƙwaron da ke huda ganyen kuɓewa: shawarwari ga masu shukar bayan gida

Duk wanda ya taɓa shuka kuɓewa, rama ko yakuwa ya san wannan ɓarnar. Tsiro ya fito lafiya lau, bayan 'yan kwanaki sai a tarar ganyen ya koma kamar rariya. Mai wannan aika-aikar ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai sheƙin baya, tsawonsa milimita 3 zuwa 4, cinyoyinsa na baya kakkaura, da ka kai hannu sai ya daka tsalle ya ɓace. Iri biyu aka fi gani a Najeriya, ɗaya ruwan ƙasa mai ɗan ja, ɗaya baƙi mai shuɗi-shuɗi, masana na kiran zuriyarsu Podagrica. Daga wannan zuriyar ne aka sami wanda ke cin auduga a yankin Jazira na Sudan.

Wani danginsu na nesa ya gigita manoman Ingila masu shuka kanola, tsiron nan mai furanni rawaya ɗan gidan su kabeji, wanda ake tatsar man girki daga 'ya'yansa. A watan Disamba na 2013 Tarayyar Turai ta hana shafa wa irin kanola maganin neonicotinoid saboda illarsa ga ƙudan zuma. Manoma suka koma feshin pyrethroid ba ji ba gani, har ƙwaron ya saba da shi ya daina mutuwa. Gonakin kanola a Birtaniya sun haura hekta 700,000 a 2012, zuwa 2021 ba su kai rabin haka ba. Waɗanda suka ci gaba da noman sun tsira ne ta hanyar gyara lokacin shuka da ƙarfafa tsiro, kuma yawancin dabarunsu maigida ko uwargida mai ɗan fegi za su iya ɗauka ba tare da kashe kuɗi ba.

1. A riƙa leƙa shukar kullum a makonni ukun farko. Nan ne rai da mutuwar tsiron suke. Yana da 'yan ganye biyun nan na fari, ba shi da wani abin dogaro, in ƙwari suka cinye su shi ke nan. Da zarar ya yi ganye huɗu ko biyar, fitar da sabon ganyensa ta fi cin ƙwaron sauri. A je da sassafe, lokacin da sanyi ya kashe musu jiki, a tsuguna a hankali kada inuwa ta faɗa kan tsiron, a ɗaga ganye a dubi ƙarƙashinsa.

2. Kada a yi shuka a ƙasar da ba ta ƙoshi da ruwa ba. Wannan ce shawarar da na fi ba muhimmanci, ita ce kuma aka fi yi wa sakaci saboda ɗokin ruwan fari. Manoman kanola sun lura cewa gonar da ta fi shan kashi ita ce wadda aka shuka a busasshiyar ƙasa mai ɓurguje, iri ya riƙa fitowa ɗai-ɗai, yau goma gobe biyar, ƙwari suna bin su suna lashewa. Wadda aka shuka cikin laima, aka danne ƙasar ta rungumi irin, sai ta tsiro gaba ɗaya, cizon ya rarrabu a kan tsirrai da yawa, kowane ya ji kaɗan. Haka abin yake ga kuɓewa. A jira damina ta zauna, ko a shayar da fangali sosai in noman rani ne. A jiƙa irin ya kwana a ruwa don ɓawonsa na da tauri, a binne shi zurfin santimita 2 zuwa 3, a taka ramin da ƙafa. A riga an zuba ruɓaɓɓen takin gida tun kafin shuka. A sa ƙwaya uku a rami, in sun wuce haɗari a cire raunanan a bar mai ƙarfi.

3. A auna ɓarnar kafin a ɗauko abin feshi. Ganye mai huji yana tayar da hankali fiye da yadda yake cutar da tsiro. A Ingila ma'aunin da ake ba manoman kanola shi ne: in tsiro bai wuce ganye biyu ba, sai ƙwari sun cinye kashi 25 cikin 100 na faɗin ganyen ake tunanin magani, in ya kai ganye uku zuwa huɗu, sai ɓarnar ta kai rabi. Manoman Kanada ma da kashi 25 ɗin suke aiki. Don kanola aka tsara wannan ma'auni, amma a ganina mai kuɓewa zai amfana da shi, ko don ya kwantar masa da hankali. A zaɓi tsirrai goma daga wurare daban-daban, har da tsakiyar fegin, domin gefe ne ƙwari ke fara ci, wanda ya tsaya a bakin gona kawai zai ɗauka komai ya ƙare. Mai rama ko yakuwar da zai kai ganyenta kasuwa lissafinsa daban ne, tunda ganyen shi ne hajarsa, shi kam sai ya fi saurin ɗaukar mataki.

4. Ƙaramin fili a rufe shi. Gidan rainon kabeji da 'yan fangalan bayan ɗaki ba su buƙatar guba ko kaɗan. A kafa 'yan sanduna, a shimfiɗa raga mai ƙananan idanu tun ranar shuka, a binne bakinta da ƙasa ta ko'ina. In an jira sai ƙwari sun shiga, to an kulle su ne tare da abincinsu. Tsohon gidan sauro wanda ba mai magani ba yana yi, amma don Allah kada a kwance wanda yara ke kwana a ciki, kuɓewar duniya ba ta kai lafiyar yaro ba. A yaye ragar kafin fure ya fito.

5. Ruwan 'ya'yan dalbejiya, wato dogon yaro. A tsinci nunannun 'ya'ya, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar ciki, a zubar da duk wadda ta yi funfuna. A daka rabin kilo, a ƙulle a ƙyalle, a tsoma cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Washegari a matse, a tace da kyau don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki ya taimaka masa kama ganye. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, saboda hasken rana na kashe ƙarfinsa. Wanda ba shi da famfo ya tsoma tsintsiya ya yayyafa.

Mutane da yawa suna raina wannan haɗin don ba su ga ƙwari sun zube nan take ba. Ba haka yake aiki ba. Yana sa ganyen ya gagare su ci ne, su ƙaura ko su rame. Shaidar aikinsa tana kan sabon ganyen da zai fito, a duba a ga ko hujinsa ya ragu. A maimaita duk mako, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi, kowane karo da sabon jiƙo.

6. Tokar murhu da ta huce, a tankaɗe a barbaɗa sama-sama da safe kan raɓa. Tana rage ci na ɗan lokaci, ruwa na wanke ta, in ta yi yawa kuma tana ƙona ɗanyen ganye.

7. A canja wuri, a kuma raba dangi. Macen ƙwaron a cikin ƙasa take yin ƙwai kusa da gindin tsiro, tsutsarta tana cin saiwa a ɓoye, daga nan ta fito da fukafukai. Wanda ke maimaita kuɓewa a fegi ɗaya shekara da shekaru yana yi wa kansa kiwon ƙwari ne. Kuɓewa, rama, yakuwa da auduga duk 'yan gida ɗaya ne, sauya ɗaya da ɗaya ba canji ba ne. A bi bayansu da masara, gero, dawa ko albasa. In an gama tsinka a tuge tsofaffin karan, kada a bar su tsaye suna fitar da tofo kusa da inda za a yi sabuwar shuka.

8. Kada a bar tsiro tsirara a fili fetal. Manoman Ingila yanzu suna barin dogon kututturen alkama a gona, wasu suna shuka hulba da makamantanta tare da kanola, don ƙwaron ya sha wuya kafin ya gano abincinsa. Iyayenmu da ke jefa kuɓewa da yakuwa a tsakanin kunyoyin gero da dawa sun daɗe a kan wannan hanya, bai kamata a yar da ita don sha'awar fegi mai abu ɗaya ba. A dai ba kuɓewar tazara ta sami rana.

9. A sa ido kan ganye mai dabbare-dabbaren rawaya da kore. Waɗannan ƙwarin suna ɗaukar wata cutar bairos daga kuɓewa mai ciwo su kai wa lafiyayya, tsiron ya tsumbure, 'ya'yansa su ragu. Feshi ba ya warkar da wanda ya kamu. A tuge shi da wuri, a fitar da shi daga gonar, kada kuma a ajiye iri daga jikinsa.

10. In ta kama dole sai maganin kanti, to a bi ƙa'ida. A nemi malamin gona, a sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalbar, ba sunan kamfani kawai ba. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda suka cika shagunanmu, duka pyrethroid ne, gidan maganin da ƙwaron kanola ya gagara a Turai, don haka barin wannan a koma wancan bai sauya komai ba. In an fesa daidai awo ƙwari ba su mutu ba, kada a ninka, kada a maimaita. Abin da zai mutu shi ne gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke farautar maɓarnatan.

Fiya-fiya ba ta da hurumi a kan kayan miya. Sinadarin dichlorvos da ake yawan haɗa ta da shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Kuɓewa kuwa duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinkarta, kowane magani kuma yana da kwanakin jira da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Shi ya sa nake ganin da zarar ta fara fure a ajiye maganin kanti a koma dalbejiya, domin a lokacin tsiron ya riga ya fi ƙarfin hujin ganye, furen kuma da safe yake buɗewa zuma na kai masa ziyara. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi, ya juya wa iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Kwalbar a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda ta yadda ba wanda zai sake zuba mai ko ruwan sha a ciki.