Darasin Ciniki: Teburin Sinuka Daga Kanti Zuwa Ɗaki

A da, sai a kulob na manyan ma'aikata ko a babban otal ake ganin teburin sinuka. Yanzu kuwa ya shiga rumfunan bakin titi a garuruwan Arewa, har ma wasu magidanta masu hali suna sha'awar ajiye shi a gida domin samarinsu su rage yawon dare. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ɗan kasuwar Potiskum ne da ke da irin wannan niyya, ko don iyalinsa ko don ya riƙa karɓar kuɗin wasa. Abin da ya kamata ya sani tun farko shi ne, kuɗin da zai biya a kanti ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, kuma yawancin asarar da ake yi a wannan harka tana aukuwa ne a kan hanya da kuma cikin ɗaki.

Da farko sai a bambance abin da ake saye, domin a ƙasar nan kusan kowane tebur mai aljihu shida sinuka ake ce masa, alhali iri biyu ne. Sinuka na ainihi, wanda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Jabalpur ta ƙasar Indiya a 1875, teburinsa ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ana buga shi da ƙwallaye 22, nauyinsa kuma ya haura tan guda. Wanda aka fi gani a rumfunanmu shi ne na Amurka da ake kira ful, mai ƙwallaye 16, tsawonsa ƙafa 7 ko 8 ko 9. Shi ne ya dace da gida, kuma a kansa za mu fi yin magana.

Kada mai saye ya taya tebur kafin ya auna ɗakinsa. Sandar wasa tana da tsawon inci 57 zuwa 58, kuma dole mai bugu ya sami sararin ja da ita baya a kowane gefe. Filin wasan tebur mai ƙafa 8 inci 88 ne da 44. In aka ƙara tsawon sanda sau biyu a kowane ɓangare, ɗakin da ake bukata ya zama ƙafa 17 da ƙafa 13 da inci 4. Ko ƙaramin cikinsu, watau mai ƙafa 7, yana neman kimanin ƙafa 16 da 13. Ke nan ɗakin nan namu na sha biyu-sha biyu da magina suka saba fitarwa ba zai ɗauki ko ɗaya ba, ko da an sayi gajerun sanduna masu inci 48. Teburin zai shiga, amma wasa ba zai yiwu ba, sai dai a yi ta dukan bango da gindin sanda. Falo babba, ko gareji, ko rumfa mai rufi da bango, su ne wurinsa. A auna faɗin ƙofa da kwanar zaure ma, don ta nan kayan za su wuce.

Sa'an nan sai babbar tambaya: dutse ko katako? A ƙarƙashin koren ƙyallen nan akwai shimfiɗa, kuma ita ce ran tebur. Tun wajen farkon ƙarni na 19, lokacin da wani maƙerin tebura na Landan mai suna John Thurston ya soma amfani da dutsen allo, ba a sami abin da ya fi shi ba, saboda ba ya lanƙwashewa, ba ya kumbura, gara kuma ba ta cinsa. Ana haƙo shi a Italiya da Brazil da Sin. A tebur mai kyau kaurinsa inci guda ne, kuma ɓari uku yake zuwa, kowane ɓari ya kan haura kilo 60. Teburin duka yana kai kilo 300 zuwa 450. Masu araha kuwa, da waɗanda kafintocinmu ke haɗawa, shimfiɗarsu falanki ne ko matsattsen garin katako. Ba a raina aikin kafinta, kuma ga mai rumfa da ke son jarinsa ya dawo da wuri, wannan zaɓi ne mai ma'ana. Amma ya sani cewa yanayin Potiskum ba ya raga wa katako: hunturu ya busar da shi ya tsuke, damina ta zo ya sha raɓa ya kumbura, bayan 'yan shekaru sai a ga ƙwallo tana gangarawa da kanta kamar an kira ta. Hanyar ganewa ba wuya. A leƙa ƙarƙashin tebur, a ƙwanƙwasa shimfiɗar, a kuma gwada ɗaga kusurwa ɗaya. In mutum guda ya ɗaga ta ba wahala, to babu dutse a ciki, ko me mai kanti ya rantse da shi.

Teburin dutse daga waje ake shigo da shi ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas, don haka farashinsa yana bin dala, musamman tun da aka saki darajar Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023. Saboda haka a nemi farashi a rubuce, mai kwanan wata, a kuma tabbatar ko ya haɗa da harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. Kazalika a rubuta ƙwallaye da sanduna da alli a cikin rasit. Ƙwallayen Aramith na ƙasar Beljiyam su ne aka fi yarda da su, kuma saitinsu kaɗai kuɗi ne mai kauri. Wanda zai sayi na hannu daga otal ko kulob, ya matsa robar gefe da yatsa ko'ina. Wadda ta ƙandare ta mutu, sauya ta kuma wani ciniki ne daban.

Batun ɗauko kaya, a nan mutumin Potiskum yake da gatan da wasu ba su da shi. Garin matattarar manyan motoci ne, kuma tirelolin da ke kai shanu Kudu daga kasuwar dabbobinsa suna neman lodin dawowa. Ana iya samun sauƙin kuɗin mota ta wannan hanya, amma sauƙin yana da sharaɗi. Daga Legas tafiyar ta fi kilomita 1,000, daga Kano kuwa kimanin 300 ce, ta Wudil da Azare. Ko kusa ko nesa, ba a ɗaukar teburin dutse a haɗe. Ana kwance ƙafafu da katakan gefe, a cire ƙyalle a nannaɗe, a sa wa ɓarin dutsen nan uku lamba domin a mayar da su yadda suke, a zuba kusoshi a jaka guda. Dutsen allo, duk da nauyinsa, halin gilashi gare shi: a tsaye bisa gefensa ake ɗaukarsa, cikin akwatin katako, a ɗaure tam, kada a ɗora masa buhu ko ɗaya. In ɓari guda ya tsage, sau da yawa sai an sayi ukun gaba ɗaya, domin tare aka goge su a masana'anta.

Don haka kafin a ba da kafin alƙalami, a yi magana a fili gaban shaidu: wa zai ɗauki asara in dutse ya fashe a hanya? Direba zai ce shi kaya aka ba shi a rufe, mai kanti zai ce lafiya ƙalau ya fita daga hannunsa. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a sa mai sayarwa ya kawo ya kafa da ma'aikacinsa, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an buga wasan farko. Ya fi tsada, amma a ganinmu shi ne mai arha. 'Yan dako kuma kada su gaza huɗu, a gargaɗe su cewa ba a jan tebur a ƙasa, ɗaga shi ake yi.

Kafawa aikin yini guda ne ga wanda ya iya. Daɓen siminti ko tayil yana ɗaukar nauyin ba matsala, sai dai da wuya a same shi a miƙe sak, don magina kan ba shi ɗan gangare saboda ruwa. Ana fara daidaita gangar jikin teburin da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, ana cusa siraran katako ƙarƙashin ƙafafu. Bayan haka a ɗora duwatsun, a daidaita kowanne, tsawo da faɗi da kusurwa zuwa kusurwa, har a shafa mahaɗarsu da yatsa ba a ji tudu ba. Turawa kan cike mahaɗar da kakin zuma. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano, kaki na iya yin laushi, don haka ƙullun da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi ya fi aminci. Sai a ja ƙyalle ya yi tsam ba tattara, a mayar da katakan gefe, a rataya fitila kimanin ƙafa 3 bisa tsakiyar tebur domin kada inuwa ta ruɗi mai bugu.

Wanda zai buɗe wa jama'a ya tuna Jihar Yobe na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma caca haramun ce. Kuɗin hayar tebur daban, sa kuɗi a kan wasa daban. Mai rumfar da ya kau da kai ga na biyun yana jefa jarinsa da sunansa cikin haɗari. Ya kyautu ya shawarci mai unguwa da ƙaramar hukuma kafin ya buɗe, ya kuma sa ƙa'idar rufewa lokacin salla da lokacin makaranta.

Bayan mako uku ko huɗu tebur kan zauna bisa nauyinsa, don haka a sake ɗora ma'auni a gyara abin da ya motsa. A nisanta shi da taga, saboda rana tana kashe roba tana kuma koɗar da ƙyalle. Da hunturu kuwa a ɗinka masa marufi a wurin tela, a riƙa share shi da buroshi mai laushi ta fuska guda bayan kowane wasa, domin ƙura da garin alli suna shiga cikin zaren ƙyallen su ci shi daga ƙasa.